Kwana Shida A Bakin Binuwai

Duk wanda ya bar Gombe da hantsi ya nufi Yola, in dai mota ba ta yi masa gardama ba, kafin la'asar sakaliya zai ga kansa bisa gadar Numan. Haka ta kasance gare mu cikin watan Maris, lokacin da zafin ƙasar Adamawa yake kan ganiyarsa. Tun daga Kumo, muka wuce Billiri da Kaltungo da Cham, ba abin da ido yake gani sai duwatsu da busasshiyar ciyawa da shanu suna neman inuwa. Kwaram, muna gab da Numan, sai ga rake kore shar iyakar ganinka, kamar an kwaso damina an ajiye ta a tsakiyar bazara. Na tambayi direbanmu inda wannan rake yake shan ruwa. Ya nuna arewa da haɓa, ya ce daga Kiri.

Kirin nan madatsar ruwa ce da aka gama a 1982 a kan kogin Gongola, cikin ƙasar Shelleng, musamman domin gonakin kamfanin sukari na Savannah, wanda yanzu yake hannun Dangote. Na rubuta sunan a ɗan littafina, ban san da wannan tambaya zan yi ta yawo har kwana shida ba, watau wa yake shan ruwan, wa ya tare shi, da me ake jawo shi, kuma wa ake koya wa lissafin abin baki ɗaya.

Abin da ya kai ni ba yawon shan iska ba ne. An jima ana magana a manyan makarantun duniya cewa abinci da makamashi da ruwa ba su rabuwa, saboda haka bai kamata a raba masu koyonsu ba, balle a matakin digiri na biyu da na uku, inda ake horar da waɗanda gobe za su zauna bisa kujerun shawara. Maganar ta yi ƙarfi ne tun wani babban taro da aka yi a birnin Bonn na ƙasar Jamus cikin Nuwamban 2011. Mu kam ba sai an kai mu Jamus za mu gane wannan ba, gama kowace uwargida ta san tuwo ba ya yiwuwa sai da gari da ruwa da wuta, in ɗaya ya yanke, sauran biyun sun zama kayan kallo. To, Yola tana da babban kogi, tana da jami'o'i biyu, kuma a nan ne hedkwatar Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama take. In akwai inda ya kamata a ga wannan irin ilmi ya kafu a ƙasar nan, ai nan ne.

Baƙo yakan ce Yola kawai, amma garuruwa biyu ne. Akwai Yolar Lamiɗo, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841 bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu, akwai kuma Jimeta a bakin kogi, inda kasuwa da tasha da ofisoshin Gwamnati suke. Sunan Yola daga kalmar Fulatanci ne, yolde, watau ɗan tudu. Da na tsaya kusa da fada da yamma na dubi yadda ƙasa ta gangara zuwa fadama, sai na ga kamar na fahimci abin da malamin nan ya hango. Ga ruwa kusa, ga makiyaya don shanu, ga ƙasar noma, amma gida yana bisa tudu inda ambaliya ba ta kai masa. A ganina, wannan shi ne darasi na farko da aka bayar a garin nan game da abin da ya kawo ni, kuma an ba da shi shekaru 140 kafin a buɗe jami'a.

Jimeta kuwa ɗiyar kogi ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yunin 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, kuma shi ya rubuta cewa sunan Binuwai a harshen Bata yana nufin uwar ruwa. Ta kogin nan jiragen Turawa suka hauro suka ci Yola ran 2 ga Satumba 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita. Ta nan kuma aka yi shekaru ana saukar da gishiri da yadi, ana ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu, a 'yan watannin da ruwa yake cika. Yau babu jirgi ko ɗaya a kwata. A watan Maris, in ka tsaya bisa gadar Jimeta, abin da za ka fi gani shi ne rairayi, fari fat, da ruwa yana lallaɓawa ta gefe guda, ga masu ɗibar yashi, ga mata suna wanki, ga yara suna ratsawa da ƙafa a inda ruwa bai kai gwiwa ba.

A gonakin Geriyo

Rana ta biyu na yi sammako zuwa tabkin Geriyo, bayan Jambutu, inda Hukumar Kogin take da aikin noman rani. Hukumar tana cikin irinta goma sha ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola, bayan fari da yunwar farkon shekarun 1970 sun nuna mana cewa dogaro da damina kaɗai ganganci ne. Kafin ka ga gonakin za ka ji su. Ƙarar ƙananan injunan ban-ruwa ce ta ko'ina, kowanne da tiyonsa a cikin ruwa, ga shinkafa, ga masara, ga alayyafo da albasa da kuɓewa.

Na sami wani dattijo Bakatsine, wanda ya ce ya fi shekara talatin a Jimeta, yana tsugune yana duba injinsa. Bayan mun gaisa na ce masa, Baba, me ya fi ci maka tuwo a ƙwarya a noman nan, taki ko tsuntsu? Ya yi dariya, ya ɗaga jarkar fetur ya girgiza ta. Ya ce mahaifinsa da jigo ya yi ban-ruwa, ƙarfinsa ne mansa, shi kuwa ga tabki a gabansa, amma ruwan ba ya hawa gona sai ya biya mai gidan mai. Mai karatu ya tuna, kafin ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin Gwamnati, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Dattijon nan ya ce a shekarar farko sai da ya rage gonarsa, ya bar wani sashe ya bushe yana kallo, don shinkafa ba ta haƙuri da ƙishirwa, gara ka shayar da rabi sosai da ka shayar da duka rabi-rabi.

Daga nan ya shiga yi mini lissafi da tsinke a ƙasa. Kwana nawa shinkafa take sha kafin ta nuna, sau nawa ake ba ta ruwa a mako, jarka nawa kowane shayi yake ci, buhu nawa za a samu, nawa mai injin casa zai karɓa in akwai wutar Gwamnati, nawa zai karɓa in janareta ya tayar. Ya kawo maganar injin da ke aiki da hasken rana, wanda wasu maƙwabtansa suka saya, ya ce abu ne mai kyau ga mai kuɗin sayensa tashi ɗaya. Amma ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce wanda yake sayen fetur yana kashe inji da zarar gona ta ƙoshi, wanda rana take yi wa aiki kyauta kuwa ba abin da yake tuna masa, ran da kowa ya samu, sai tabkin ya faɗa mana. Bai taɓa shiga aji ba, amma a cikin rabin sa'a ya ratsa ilmin ƙasa da na injiniya da na tattalin arziki, bai kuma san ya ƙetare wata iyaka ba.

A can gefen wata magudana na ga wani saurayi da sandar awo da littafi. Ɗalibin digiri na biyu ne daga wata jami'a ta nan Arewa, yana auna yawan ruwan da yake ɓacewa tsakanin tabki da gona. Yaro ne mai kaifin basira, ya yi mini bayani har na gane, ni da lissafi bai taɓa zama abokina ba. Na tambaye shi ko kundinsa zai faɗi nawa ruwan da ya zube yake ci wa manomi a kuɗin mai. Ya ce ya so haka, amma an ce masa wannan aikin 'yan sashen tattalin arziki ne, kada ya faɗaɗa bincike har ya kasa gamawa. Na ce to batun kifin tabkin fa, in ruwa ya ja baya? Ya ce wannan kuma na 'yan sashen kifi ne. Tsakaninsa da dattijon nan bai fi taku hamsin ba.

Ba na ganin laifinsa, ba na kuma ganin laifin malaminsa. Mu ma a ɗakin labarai haka muke. Akwai mai bin ma'aikatar gona, akwai mai bin ta lantarki, ran da aka yi ambaliya kuwa sai a tura wanda ya fi kusa da ƙofa. Ni kaina da difilomata ta aikin jarida, sai da na zo Geriyo na san cewa labarin tsadar shinkafa da na rubuta sau da yawa rabinsa labarin fetur ne.

Ruwan da yake zuwa daga Kamaru

Ba a kwana biyu a Jimeta ba a ji sunan Lagdo ba. Madatsa ce a kan Binuwai cikin ƙasar Kamaru, kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda 'yan ƙasar Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982. Tana da injuna huɗu masu ba da megawat 72, kuma da ita arewacin Kamaru ya daɗe yana ganin haske. A bakin mutanen gari, Lagdo ce take kawo ambaliya, shi ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma a wurin da ba ta cika ba ne ake bukatar masu ilmin da muke magana.

Ga yadda abin yake. Mai tsaron madatsa yana da iyayen gida biyu da ba su jituwa. Na farko yana son a cika tafkin maƙil kafin damina ta ɗauke, don a sami ruwan juya injuna har ƙarshen rani. Na biyu yana son a bar wuri a tafkin, don in ruwa ya yi gayya a Agusta da Satumba a sami inda za a tare shi. In ya bi na farko, ruwan ƙarshen damina ya zo ya tarar da tafki a cike, dole ya buɗe ƙofofi ko ginin ya tafi, sai na ƙasa su kwana a kan rufi. In ya bi na biyu, damina kuma ta gaza, sai Garwa da Marwa su yi rani cikin duhu, kamar yadda ta faru a wajen 2021 da ruwan tafkin ya yi ƙasa ƙwarai, abin da ya sa Kamaru ta kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gider. Kowace ƙofa da aka buɗe ko aka rufe, shawara ce a kan wutar wani da gonar wani da ran wani.

Bugu da ƙari, ba duk ruwan da yake wucewa ƙarƙashin gadar Jimeta ne ya bi ta Lagdo ba. Mayo Kebbi da kogin Faro duk a ƙasan madatsar suke shiga Binuwai, ba ta da iko a kansu, ga kuma Gongola tana jira a Numan. A ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, da ta 2022 wadda ta ci fiye da mutum 600, an yi ta nuna Kamaru da yatsa. Amma a 2022 Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya ce mafi yawan ruwan na sama ne da ya sauka a ƙasarmu. A ƙarshen Yulin 2025 kuwa, ruwan dare ɗaya ya shiga unguwannin Yola irin su Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi ya kashe sama da mutum 20. Na ratsa waɗannan unguwanni, har yanzu ana ganin shaidar ruwa a jikin wasu katangu, kuma ko makaho ya shafa ya san an yi gini a inda Modibbo Adama bai yi ba.

Akwai wata asara kuma da ba a cika kawo ta a rediyo ba, don ba ta zuwa da kuka. Cikar kogi ta kowace shekara, wadda ba ta wuce kima ba, ita ce take cika tabkuna, ta shimfiɗa sabuwar laka a fadama, ta ba kifi wurin yin ƙwai a cikin ciyawa. A kan irin wannan laka ake dasa masakwa, dawar nan ta rani da Fulani suke kira muskuwari, wadda take nuna ba tare da an ba ta ruwa ko ɗigo ba, ba fetur, ba inji. Madatsa tana rage wannan cika mai albarka a shekarun da aka saba, ta kuma kasa hana muguwar cika a shekarun da ruwa ya yi yawa. Na je tabkin Njuwa, wanda bikin kamun kifinsa ya yi suna, na tarar yashi da ciyawa sun ci wuri mai yawa. Wani masunci da na samu yana ɗinkin taru ya ce yanzu ɗansa acaɓar Keke yake yi a Jimeta.

Maganin da kowa yake ambata shi ne Dasin Hausa, madatsar da aka tsara ginawa a ƙasar Fufore tun zamanin da ake gina Lagdo, har yau ba a gina ba. A takarda an ce za ta ba da megawat 300, ta shayar da hekta 150,000, ta kuma tare ambaliya. Allah Ya nuna mana. Amma duk ran da aka gina ta, wanda aka damƙa wa makullinta zai gaji iyayen gidan nan biyu, har da na uku, watau manomin rani mai son a sakar masa ruwa a watan Maris. Ban da wannan akwai ƙauyukan da tafkin zai tasa, da burtalin shanun da zai yanke. Wanda ya ga abin da ya faru a ƙasar Numan a ƙarshen 2017 ya san cewa rikicin gona da mashaya ba abin wasa ba ne. Mun ga irin wannan rabuwar kai a Dadin Kowa, inda aka tare Gongola tun shekarun 1980, amma sai bayan fiye da shekara talatin aka kafa injunan wuta masu megawat 40.

Wutar da Yola take sha daga nesa take zuwa, ta babban layin da ya bi ta Jos da Gombe. A watan Afrilun 2024 da ɓata-gari suka kayar da turaku huɗu a kan layin nan, garin ya yi makonni cikin duhu, a tsakiyar zafin da yake haura digiri 40. Duk wanda na tambaya game da kwanakin nan, ba da fitila yake fara ba ni labari ba, da ruwa yake farawa. Rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai da wuta, saboda haka kurar 'yan garuwa ta yi tsada, ƙanƙara ta gagara, kifi da nono suka riƙa lalacewa, gari kuwa kogi yana kwance a gefensa.

Hayin gada

Rana ta huɗu na ƙetare gada zuwa ƙasar Girei, inda Jami'ar Modibbo Adama take. An kafa ta a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988, aka sa mata sunan Modibbo a 2011, sa'an nan a 2021 aka buɗe ta ga dukkan fannonin ilmi. Fili ne makeke. Mai yawo a ciki zai ga kusan duk abin da kwarin Binuwai yake bukata: masu nazarin ƙasar noma, da na kifi, da na gandun daji, da injiniyoyin gona da na lantarki, da masana duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da masu tsara birane. A ɗaya gefen kogi kuma ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. Ita ce a 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram jama'a suka kwararo Yola, ta haɗa kai da malaman Musulunci da na Kirista aka ciyar da dubban 'yan gudun hijira. Watau kayan miya duk suna nan a gari ɗaya. Abin tambaya shi ne tukunya.

Wannan tambaya na kai wa wani tsohon malamin jami'a da ya yi ritaya, wanda aka kwatanta mini gidansa a cikin Yola, wajen Wuro Hausa. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Na ce, Allah Ya gafarta Malam, me zai hana a haɗa waɗannan fannoni a digiri ɗaya? Bai yi saurin yarda da ni ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce ya ga yara da yawa da aka ɗanɗana musu kowane fanni suka fita ba su iya ko ɗaya ba, kuma shi ba zai hau gadar da mai rabin ilmin injiniya ya gina ba. A ra'ayinsa, digiri na farko na haƙa rijiya ne, mutum ya nutsa a fanni ɗaya har ya tad da ruwa. A na biyu ne ya kamata a fito da shi a nuna masa rijiyoyin maƙwabta.

Da muka zo kan abin da yake hanawa, sai ya ajiye ludayi. Ya ce malamin jami'a da takardun fanninsa ake yi masa ƙarin girma, saboda haka duk sa'ar da ya ɓatar a kan ɗalibin wani sashe sadaka ce. Ɗalibin kuma in ya fita da digirin da ya haɗa ruwa da wuta da noma, ya je neman aikin Gwamnati, za a tambaye shi ko shi injiniya ne ko malamin gona, don a tsarin ma'aikata babu layin da aka rubuta duka biyun. Na ga gaskiyarsa. A Abuja ma ruwa da ma'aikatarsa, lantarki da tasa, noma da tasa, muhalli da tasa, a 2024 kuma aka yanka wa kiwo tasa. Kogin dai ɗaya ne.

Ba kuwa a ce ba a taɓa gwadawa a kusa da mu ba. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe, wadda aka kafa a 2012, Bankin Duniya ya zaɓe ta a 2014 cikin fitattun cibiyoyin Afirka. A can ana zaunar da masu nazarin shuka da na dabbobi da na labarin ƙasa da na tattalin arziki ƙarƙashin inuwa ɗaya, ɗalibai kuma suna zuwa har daga ƙasashen maƙwabta. Ƙungiyar Tarayyar Afirka tana da makarantar ruwa da makamashi a Tilimsan ta Aljeriya tun 2014. Akwai kuma shirin WASCAL da Jamus take ɗaukar nauyinsa, mai rassa a Minna da Akure, ko da yake shi ma, abin dariya, makamashi yana Yamai, ruwa yana Jamhuriyar Benin, noma yana Mali. Abin da Kano ta yi wa ƙasar da ruwa ya yi wa kaɗan, ban ga abin da zai hana Yola ta yi wa ƙasar da ruwa yake yi wa yawa wata uku ya ƙaurace mata wata shida ba.

In da za a tambaye ni, ni da ba malami ba, da na ce kada a fara da gina sabon bene. A ɗauki injiniya ɗaya, da malamin gona ɗaya, da mai nazarin kifi, da mai tattalin arziki, da lauya ko mai nazarin zaman jama'a, a ba su matsala ɗaya su yi shekara a kanta, alal misali tabkin Geriyo daga cikarsa zuwa ƙafewarsa, kowa ya rubuta kundinsa a fanninsa amma kada a sa wa ɗaya hannu sai ya iya kare na ɗan'uwansa. A tilasta musu Fulatanci don su ji makiyayi, da Faransanci don su ji mai tsaron Lagdo. Nijeriya da Kamaru duk suna cikin Hukumar Kogin Kwara mai hedkwata a Yamai, Garwa kuma ta sami jami'arta a 2022, kuma ta fi Kaduna kusa da Yola nesa ba kusa ba. Ɗaliban da suka auna kogi tare suna samari, ran da suka zama darektoci ba sai sun jira wasiƙa ta bi ta Abuja da Yawunde kafin su gaya wa juna an kusa buɗe ƙofa ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, a watan Yulin 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, ta sa batun abinci da ruwa cikin aikin Majalisar Tsaro ta Ƙasa. Ashe nan gaba kaɗan a Yola za a riƙa yanke shawarar ko a ba injin ban-ruwa wuta da rangwame, ko a ƙyale kowa ya haƙa burtsatse, ko a bar fadama ta zama unguwa. Waɗanda za su yanke ta yanzu haka suna aji, wasunsu a hayin gada.

Ran da zan taso na sake biyawa ta Geriyo don in yi wa dattijon nan sallama. Na tarar ya kwance injin gaba ɗaya, ya baje sassansa bisa buhu, jikansa yana miƙa masa sifana. Ya ce in an girbe wannan, zai shuka ta damina a gonarsa ta bakin kogi, ko da yake sau biyu ruwa yana cinye masa ita tana gab da nuna. Na ce, Baba, me ya sa ba za ka haƙura da ita ba? Ya ce ai a nan ne ba ya sayen mai. Sa'an nan ya sa yaron ya karɓi lambar wayata ya rubuta a bayan kwalin taki, ya ce tun da mu 'yan jarida muna riga kowa jin labari, in na ji za a buɗe Lagdo, in kira shi ko da tsakar dare ne.